Wai faifan Jimmy Smith na asali ya kai kuɗin da ake zuba masa?

Nura Fagge:
Salamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masana faifai ku ba ni shawara kafin in yi aika-aika. Akwai wani bawan Allah da ya gaji kwalin faifan garmaho daga wajen kawunsa, yawanci hailaif ne da na Indiya amma a tsakiya na tsinci Back at the Chicken Shack na Jimmy Smith, mai buga ogan ɗin jaz ɗin nan na Amurka, bangon ya ɗan ci wuya amma shi faifan ba laifi. Matsalar yaransa sun shiga intanet sun ga wai faifan kamfanin Blue Note tsada gare su, shi ne ya tsuga min wani kuɗi da sai da na nemi wajen zama. Wai bugun farko ne. Ya zan gane gaskiyar haka? kuma ko da na farkon ne ya cancanci mutum ya zuba masa kuɗi?

Abba Bits:
Yaya Nura da kuɗinka za ka sayi ƙas-ƙas-ƙas?? yana nan YouTube kyauta wlh, ƴar data kaɗan ta ishe ka

Baba Garba Kd:
Wa alaikumus salam. Abba ɗana kai dai kullum data. Nura kafin a zo maganar kuɗi bari in ce ka yi ido, wannan faifan ba a ganinsa a wuce. Rana ɗaya aka naɗe shi da Midnight Special, 25 ga Afrilu 1960, a situdiyon Rudy Van Gelder da ke Englewood Cliffs a jihar New Jersey, kuma mutum huɗu ne kacal, shi Jimmy a kan ogan, Stanley Turrentine da saksofon, Kenny Burrell da jita, Donald Bailey a ganguna. Zama ɗaya faifai biyu kuma babu na yarwa. Midnight Special ya fito 1961, naka kuwa sai 1963 aka sake shi. Shi ne wanda a bangon yake zaune gaban akurkin kaji da kare a gefensa ko? Francis Wolff ne ya ɗauki hoton. Maganar gane bugu kuwa mu jira Rabi, ita ke zaune a bakin kasuwar abin.

Anti Rabi:
Ina wuni Baba, na shigo. Nura ka aje bangon gefe tukuna don bango ana iya musanya shi, faifan kansa za ka duba. Ka kalli takardar tsakiya mai shuɗi da fari, akwai adireshin kamfani a jiki. Na farkon wannan faifan New York USA aka rubuta, lambarsa 4117 in mono ne, 84117 in sitiriyo ne. In wani ya ce maka ai nasa Lexington ne ko 47 West 63rd to ba wannan faifan yake nufi ba, waɗancan adireshin na shekarun baya ne, kamar faifan Jimmy The Sermon shi ne za ka gani da West 63rd. Sannan ka karkata shi a hasken rana ka duba filin nan mai santsi tsakanin waƙar ƙarshe da takarda, za ka ga an buga VAN GELDER da hatimi, sai kuma wata ƴar alama da masu tara faifai ke ce wa kunne, tambarin Plastylite ne kamfanin da ke buga musu faifai a lokacin. In ba kunne to ba na farko ba ne, don daga 1966 bayan Liberty ta sayi Blue Note aka daina bugawa a can. Turo hoto mu gani.

Nura Fagge:
Ga su nan Anti, na sa yaron ya ɗauko min a waya. Ni dai ban ga wani kunne ba ko ido na ne

Anti Rabi:
Ba idonka ba ne ƙanena, babu shi. Kuma duba da kyau a takardar, A Division of Liberty Records aka rubuta. Bugun baya ne na ƙarshen shekarun 1960. Amma kar ranka ya ɓaci don ga VAN GELDER nan raɗau a jiki, wato daga yankan Rudy ɗin aka buga shi, sautin da za ka ji kusan duk ɗaya ne da na farkon, kuɗin ne kawai ba ɗaya ba. Ni irin wannan nake nema da gangan a shagunan nan Filadalfiya. Ka koma ka nuna masa, ka buɗe masa Discogs, shafin cinikin faifai na intanet, ya ga nawa aka sayar da irinsa, ba nawa mutane suka sa ba, nawa aka saya. Kuma ka faɗa masa ko da na farkon ne Jimmy Smith ba ya cikin masu tsadar hauka, saboda ya yi kasuwa sosai an buga da yawa suna nan birjik. Masu tsadar su ne waɗanda ba su sayu ba a zamaninsu, irin na Hank Mobley mai lamba 1568 da ake kashe dubban daloli a kai.

Abba Bits:
To kun ji fa. Wanda bai sayu ba shi ne mai tsada, wanda ya yi daɗi kowa ya saya shi ne mai araha. Anti dan Allah wannan son kiɗa ne ko son a ce kana da abin da wani ba shi da shi

Sani Lantarki:
Abba ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni aikina kenan gyaran amfilifaya da na'urar faifai kuma wlh na sha ganin mutum ya kawo faifai mai tsada yana ta buga ƙirji, in ka duba allurarsa ta cinye tun zamanin soja, kullum ya sa tana ƙara yanke masa faifan. Irin wannan gara mai sauraro a waya da iyafis mai kyau. Amma kuma kar ka yi saurin yin murna don akwai abin da wayarka ba za ta ba ka ba a kiɗan ogan, wato ƙasan sautin. Ƴar lasifikar waya ba ta iya fitar da bes ɗin ogan ɗin Hammond kwata-kwata, rabin aikin mutumin ka bari a hanya. Ba sai faifai ba, ko sidi ko ta intanet ɗin ne ka haɗa da lasifika mai ciki ka ji bambanci.

Yakubu Jos:
Oga Sani Allah ya biya ka, wajen da nake jira a zo kenan. Ni ina buga kibod a coci kuma abin da ya fara rikita ni da Jimmy Smith shi ne na yi ta neman sunan mai buga bes a bangon faifan, babu. Shi kaɗai ne. Mutane da yawa suna cewa ai da ƙafa yake yi tunda Hammond B-3, ogan ɗin da yake bugawa, tana da matakai 25 a ƙasa, amma yawancin tafiyar bes ɗin da hannun hagu yake yin ta a jeren maɓallai na ƙasa, ƙafar tana ɗan dangwala mataki ne a kan kowane bugu don ta ba shi wannan dum ɗin na farko, sai a waƙoƙi masu sanyi yake sakin ƙafar sosai. Hannun dama kuma yana can sama yana gudu irin na masu busa bibop. Ka gwada ka ji, ka riƙe tafiyar bes da hagu ba ta karkace ba alhali dama tana wani lissafi daban, ni kam minti biyu nake yi hagun ta fara bin dama.

Baba Garba Kd:
Yakubu ai shi ma ba daga sama ya faɗo da shi ba. Fiyano ya fara bugawa a wajen Filadalfiya, ɗan Norristown ne, sai ya ji Wild Bill Davis yana buga ogan abin ya shige shi. Ya sayi Hammond ya kai ta wani sito ya kulle kansa kusan shekara guda yana koya. Da ya fito a farkon 1956 ya buga a Smalls Paradise a Harlem, su Alfred Lion masu Blue Note suka ji shi ba su ɓata lokaci ba suka ɗauke shi. Kafin shi masu ogan suna danna maɓallai da yawa ne lokaci guda don su kwaikwayi babbar ƙungiyar masu busa, shi kuwa ya zo da layi ɗaya tsaf mai kaifi.

Yakubu Jos:
Kuma kaifin nan daga saitin yake Baba. Sandunan ja guda tara ne a kowane rukuni, shi uku na farko yake janyowa har ƙarshe ya bar sauran shida a rufe, shi ne masu ogan ke rubutawa 888000000, sai ya kunna ɗan tsinken nan da ke sa kowane sauti ya fara da ƙwas. Duk kibod ɗin zamani da ka buɗe ka zaɓi ogan na jaz wannan saitin za ka tarar. Sai dai lasifikar Leslie ce ba ta kwaikwayuwa da kyau, don ita da gaske ƙaho ne ke juyawa a sama da ganga a ƙasa cikin akwatin katako, iskar ɗakin ce take kaɗawa.

Nura Fagge:
Ikon Allah. To ni yanzu in na daidaita da mutumin nan me zan nema a gaba? don na ga faifan nasa ba su ƙirguwa

Baba Garba Kd:
The Sermon. Kar ka tsaya wata-wata. Waƙar farko ita kaɗai ta cinye fuska guda ta faifan, minti 20 ne da ɗoriya, bulus ne mai zagaye 12 ba wani ƙaƙale, an naɗe ta Fabrairun 1958 a Manhattan Towers, Art Blakey ne a ganguna kuma tun daga farko har ƙarshe bai saki wannan takun ba. Jimmy ya buɗe, Burrell ya karɓa, sai Tina Brooks, sai Lee Morgan wanda a lokacin shekararsa 19, sai Lou Donaldson, kowa ya faɗi nasa ba gaggawa. Abin da nake so ku lura da shi ba lokacin da Jimmy yake nasa ba ne, lokacin da wasu ke busawa ne, ku ji yadda yake tura su daga baya, in mai busa ya ɗan yi sanyi sai ka ji ogan ta kumbura ta ɗaga shi. Bayan shi sai House Party don daga zama iri ɗaya suka fito, sai Home Cookin, sai Midnight Special tunda tagwayen naka ne. In ka haɗa waɗannan ka gama, sauran ƙari ne.

Abba Bits:
Ashe har da mace a masu busa, Tina

Anti Rabi:
Hhhh Abba namiji ne, Harold sunansa, laƙabi ne tun yana yaro saboda ƙanƙantarsa. Kuma faifansa True Blue yana cikin masu tsadar da na faɗa ɗazu.
Amma Baba da girmanku ban yarda da sauran ƙari ne ba. Kun share duk zamanin da ya koma kamfanin Verve da hannu ɗaya fa.

Baba Garba Kd:
Na share shi Rabi kuma da saninsa na yi. Blue Note tuwon gida ne, Verve abincin biki ne, ga ado ga yawa amma ba ka marmarinsa washegari. Tun da Creed Taylor ya ɗauke shi a 1962 aka tara masa masu busa ƙaho cike da ɗaki, waƙoƙin suka gajarce don rediyo, aka koma kiɗan fina-finai, har waƙa ya fara yi da wannan muryar tasa. Mutumin da ke buƙatar fili a ba shi minti 15 ya gina magana a hankali an matse shi a minti huɗu.

Anti Rabi:
To Baba ai Verve ɗin ce ta sa duniya ta san shi, kuma mawaƙi ba zai ci yabo ya ƙoshi ba. Bashin na 1962 da tsarin Oliver Nelson ku sake saurare, yadda ake jan rai kusan rabin Walk on the Wild Side ba a ji ogan ba sam, sai ƙahonni su yi shiru ya faɗo, ni har gobe tsigar jikina tashi take. Kuma ku juya faifan, ɗaya fuskar ai mutum uku ne kawai irin yadda kuke so. Organ Grinder Swing na 1965 ma mutum uku ne, shi da Burrell da Grady Tate. Ga wanda ya yi da Wes Montgomery a 1966, wa zai ce wannan abincin biki ne? Sannan wani abu da ba kwa son a faɗa, su ma na Blue Note ba duka ne zinariya ba. A farkon 1963 cikin kwanaki ƙalilan ya naɗi faifai huɗu don ya cika yarjejeniya ya tafi, Prayer Meetin ya yi kyau ƙwarai amma akwai waɗanda kana ji ka san sauri ake.

Baba Garba Kd:
Na ba ki Wes. Organ Grinder ma na ba ki rabi. The Cat kuwa ko kyauta.

Yakubu Jos:
Haba Baba The Cat fa, Lalo Schifrin har Grammy ya ci da shi

Baba Garba Kd:
Shi ya ci ai, ba ni ba.

Sani Lantarki:
Hhhhh Baba ba dama. Amma ga mai tarawa akwai riba a wannan faɗan naku, faifan Verve na asali araha ne sosai don manyan masu tarawa sun raina su, kuma yawancinsu Van Gelder ɗin dai shi ya naɗa, hatiminsa na jiki. Wanda aljihunsa bai da nauyi daga nan ya kamata ya fara.

Issoufou Yamai:
Sallama ga kowa, ina biye da ku tun ɗazu shiru. Ni ta wata hanya daban na zo ga ogan. Mu nan Nijar wanda ya tashi yana jin radiyo da tele ta ƙasa ya san sautin Mamman Sani ko bai san sunanshi ba, kiɗan oganshi ne ake sakawa tsakanin shirye-shirye. Ba jaz ba ne kuma ba Hammond ba ce, wata ogan ce ƴar Italiya, amma abin da ya sa na kawo shi maganar tarawa ce. Ya naɗi kaset a 1978 kwafi kaɗan aka yi, ya ɓace kamar ba a yi ba, sai 2013 Sahel Sounds suka hiddo shi a faifai, yanzu turawa ke nemanshi. Mu da muke da abin ba mu aje ba. Shi ya sa in na ji Abba yana cewa komi na intanet nake cewa wani ne ya adana shi tukuna kahin ya kai can.

Abba Bits:
Wannan kam gaskiya ne Malam Issoufou ban musa ba. Ni abin da nake faɗa da shi daban, mutum ya ƙi sabon bugu mai tsabta ya nace sai tsoho mai ƙas-ƙas saboda wani kunne da ko sauti ba ya fitarwa

Anti Rabi:
A nan ina bayanka rabi. Blue Note sun fara jerin Tone Poet a 2019 sannan ga Classic Vinyl mai sauƙin kuɗi, Kevin Gray ke yanka su daga tef na asali, tsit suke ba hayaniya. Na Japan ma na King da Toshiba na shekarun 1970 da 1980 suna da kyau. Ga sidi na RVG Edition da aka fara a 1999 wanda shi Rudy da kansa ya sake gyarawa, wasu na cewa ya cika ƙarfi wasu na so. Amma yankan Rudy na da, musamman mono, yana da wani naushi a tsakiyar sauti, ogan da saksofon suna fito maka gaba ɗaya a dunƙule. Sitiriyon farkon kuwa sai ka ji an jefa wannan can hagu wancan can dama. Kunnen ba ya sauti gaskiya ne, alama ce kawai ta cewa a Plastylite aka buga shi. Wannan kuma ko ya kai ninkin kuɗin da ake biya, ni dai a'a.

Baba Garba Kd:
Mu da muka fara jin jaz a gajeren zango cikin dare, shirin Willis Conover na Muryar Amurka, sauti na zuwa yana tafiya ga shuuu ga wata tasha na kutsowa, kuma a haka muka kamu, ba mu da bakin cewa sai bugun farko. Nawa ma yawanci na baya ne. Abin da na ƙi shi ne tarawa ba saurare. Akwai wanda na sani faifansa na cikin leda ko buɗewa bai yi ba wai kar daraja ta ragu.

Nura Fagge:
Oga Sani tunda kana nan, wani abokina zai turo min na'urar faifai daga Amurka cikin kaya, akwai abin da zan kiyaye?

Sani Lantarki:
Akwai babba ma. Ka tsaya ka ji kafin ya saya. Wutar Amurka 120 ce tamu 230, wannan kowa ya sani taransifoma ƙarama ta magance. Wanda mutane ba su sani ba shi ne bugun wutar, tasu 60 ne a daƙiƙa tamu 50, kuma taransifoma ba ta canza wannan. Yawancin tsofaffin na'urori masu bel ko masu ƴar taya motarsu da bugun wuta take lissafin gudu, to in ka kawo ta Amurka nan maimakon 33 da ɗigo sai ta yi wajen 28, Jimmy Smith zai koma kamar bai ci abinci ba, sautin ya sauka kusan mataki uku. Sai an canza mata fuli. Mafita ka ce ya nemo mai tuƙi kai tsaye mai kwatz irin Technics SL-1200 ko ƙannenta, su ba ruwansu da bugun wuta, ko kuma ka sayi ƴar Beljiyam a nan tunda Turai 50 ne irin namu. Sannan kar ka kunna a ƙaramin janareta, gudunsa hawa da sauka yake, inbata mai tsabtar wuta ta fi. Na ƙarshe ka tabbata amfilifayarka tana da ramin da aka rubuta phono, in babu sai ka sayi ɗan akwatinsa daban in ba haka ba sautin zai fito siriri ba bes, kuma ka ɗaura wayar at ɗin nan ƴar siririya ko ka sha huuum.

Yakubu Jos:
Abin dariya ita kanta Hammond ɗin ciwonta kenan. A cikinta ƙafafun ƙarfe 91 ne ke juyawa gaban maganaɗisu, mota ce mai bin bugun wuta ke jan su, Laurens Hammond ai da agogon lantarki ya fara kafin ya fito da ogan a 1935. In ka kawo B-3 ta Amurka ka jona a wutarmu duk waƙar sai ta sauka, ba mai iya bin ka. Ga nauyi kusan kilo 190 in an haɗa da benci da matakai, ban da Leslie. Kuma a haka mutanen nan suke yawo da ita gari gari, wasu har tsohuwar motar ɗaukar gawa suke saya don ita ce ke cin ta.

Issoufou Yamai:
Oga Sani zahi hwa? nan watan Afrilu ko roba narkewa take

Sani Lantarki:
Zafi shi ne babban maƙiyi, ya fi ƙura. A tsaye ake jera faifai kamar littattafai ba a kwance ɗaya kan ɗaya ba, kar a matse kar kuma a bar su jingine a karkace, a nesa da bangon da rana ke duka da yamma, kuma ko minti goma kar ka bar shi a mota. In ya lanƙwashe ya tafi kenan, masu cewa a sa tsakanin gilashi biyu a shanya a rana sun kashe faifai ba adadi. Lokacin hunturu kuma ƙura da wannan ɗaukar wutar da ke sa faifai ya riƙa jan datti, buroshi mai laushi kafin kowane sawa. Wanki da tataccen ruwa da ɗigon sabulun ruwa kaɗan, ka bi da'irar layin, kar ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Kar wani ya ce maka ruwan batir ka je ka ɗauko mai asid, na kemis za ka nema. Kuma a ɗaga su daga ƙasa saboda gara, ba ta cin faifan amma bangon kam sai ta mai da shi gari.

Abba Bits:
To ni bari in faɗi nawa tunda kowa ya faɗi gwaninsa, kuma na san Baba zai kore ni daga gidan nan. Root Down. 1972, kai tsaye aka naɗa a wani kulob a Los Angeles, ga bes na lantarki Wilton Felder ga Paul Humphrey a ganguna ga jita mai sautin wah-wah, fonk ne zalla. Beastie Boys sun yanko shi a 1994 suka yi waƙa da sunan, ni ta nan na san akwai wani Jimmy Smith a duniya. Kuma kun san shi ne ya buga ogan ɗin tsakiyar Bad ta Michael Jackson a 1987? duk wanda ke nan ya taɓa jin Jimmy Smith ko bai sani ba

Baba Garba Kd:
Ba zan kore ka ba. Abin mamaki Root Down ina da shi kuma ina sawa, don a can an sake shi ya yi wasa, yara ne suka kewaye shi suna tura shi yana tura su, ba takarda aka ajiye masa ba. Abin da ke damuna da shi ɗaya ne, tunda aka kawo mai bes hannun hagun nan da Yakubu ke magana ya zama ɗan kallo.

Yakubu Jos:
Wannan haka yake Baba. Shi ya sa a na ƙarshe-ƙarshensa na fi son inda ya koma asali. Legacy da ya yi da Joey DeFrancesco ogan biyu, ya fito a 2005 daidai lokacin da ya rasu a Arizona cikin Fabrairu. Joey ɗin ma ya bi shi a 2022, Dr. Lonnie Smith 2021, manyan duk sun tafi.
Amma in faɗi wata magana kar a jefe ni, in ana maganar zurfi ni Larry Young na fi komawa gare shi yanzu. Unity na 1965 da Joe Henderson da Woody Shaw da Elvin Jones, ya fitar da ogan daga bulus da coci ya kai ta wajen su Coltrane. Jimmy kuwa in ka ji faifai goma ka san abin da zai yi a na sha ɗaya.

Anti Rabi:
Yakubu ka tono rigima. Kuma ba wanda ya ambaci Shirley Scott tun ɗazu ina lura da ku, matar Turrentine ɗin nan da kuke ta yabo ce a lokacin kuma tana da taushin hannu da duk mazan nan ba su da shi. Ita da mai bes take aiki shi ya sa masu tsattsauran ra'ayi ke kau da kai.

Baba Garba Kd:
Shirley Scott ba ni da ja. Kai kuma Yakubu, Larry Young ɗin ka nemo faifansa na farko-farko a Prestige ka ji wa yake kwaikwayo kafin ya samu tasa hanyar. Su McDuff da McGriff da Groove Holmes da John Patton duk ta ƙofar nan suka shigo. Cewa ka san abin da zai yi a na sha ɗaya, eh na sani, kuma shi nake zuwa nema.

Nura Fagge:
Baba tunda kuna da The Sermon ko za a ɗan ara min in ji yadda yake a faifai kafin in nemi nawa, wlh zan riƙe amana

Baba Garba Kd:
A'a. House Party na haka ya tafi, aro, yau shekaru ke nan mai shi in mun haɗu sai ya fara min zancen siyasa. Ka shigo Kaduna ranar Asabar bayan la'asar in sa maka ka ji har ka gaji, ka taho da Abba ya zo da wayar tasa mu jera su. Yakubu kai ma in za ka sauko ka taho da Unity ɗin naka.

Abba Bits:
Na yarda amma da sharaɗi Baba, rufe muku ido za a yi, Oga Sani ne zai riƙa canzawa

Sani Lantarki:
Ni kuɗin mota kawai za a biya min. Kuma Baba allurar nan taku tun yaushe nake cewa a canza, kar a zo ranar Asabar waya ta ci gasa ku ce magudi na yi